Kayan da na ɗaura zuwa ɗan gidan da babu Nepa babu famfo

Yayana yana da ɗan ƙaramin gida a gonarsa kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ɗaki ɗaya ne da makewayi da 'yar rumfar girki, sai farantin sola guda a kan rufi, da batir, da rijiya can gefen gona. Da ya ba ni mukulli domin mu je mu huta ni da uwargida a farkon hunturu, sai na tambaye shi, "Yaya, me za mu tarar a can?" Ya ce in ban da katifa da tabarma, duk abin da ban ɗauka ba kada in sa rai da shi.

Mu mutanen Kano muna ganin mun saba da rashin wuta da ruwa, amma gaskiyar magana ita ce gari ne yake rufa mana asiri. Idan famfo ya ƙafe akwai 'yan ga-ruwa da kurarsu, idan an ɗauke wuta akwai mai cajin waya a bakin layi, idan gishiri ya ƙare sai a aiki yaro kanti. A can babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma ɗakin ba zai ɗauki tarkace ba.

Da ruwa na fara, domin shi ne ya fi nauyi kuma ba a iya haƙura da shi. Jarka mai lita 25 tana kai kilo 25 idan an cika ta, masu aikin agaji kuma suna ƙiyasta lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a yini domin sha da girki da tsafta, ga kuma alwalar salloli biyar. Ruwan sha kaɗai na ɗauka daga gida, na bar wanka da wanke-wanke ga rijiya, tare da guga da igiyata.

Batun wuta ya fi buƙatar lissafi. Farantin sola mai wat 100 ya isa ya kunna ƙwan fitila ya kuma cika wayoyi, amma butar lantarki tana jan wat 1,500 ko fiye, haka ma dutsen guga, saboda haka duka biyun a gida suka zauna. Na ɗauki ƙaramar tukunyar gas da ashana da tocila biyu, sai wani tsumma da ya yi mana amfani ƙwarai: ƙurar hunturu tana kwanciya a kan farantin har yatsa ya bar shaida, kuma sai an goge ta kowace safiya kafin batir ya cika yadda ya kamata.

Abinci kuwa, a ganina babu wanda ya fi Bahaushe sa'a, domin iyayenmu sun daɗe da sanin yadda ake ajiya ba tare da firji ba. Shinkafa da taliya da madarar gari daga kasuwar Singa, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauɗar tumatir, kilishin unguwar Agadasawa, ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dabino, duk uwargida ta jera su a bokiti mai murfi saboda ɓera da kiyashi, bokitin kuma ya zama kujera. Ɗanyen kayan miya na kasuwar Yankaba mun adana su ta dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A busasshiyar iskar hunturu tumatir da attaruhu ba su yi yaushi ba.

Tufafi kaɗan muka ɗauka a jakar da ake iya naɗewa, domin akwati zai cinye wurin salla. Bargo mai kauri ya zama dole, saboda sanyin asuba a bakin ruwa ba irin na cikin Badala ba ne. Na haɗa da gidan sauro da maganin zazzaɓi da takalmi rufaffe, wanda muke kakkaɓewa kafin mu sa saboda kunama. Na riƙe tsabar kuɗi tunda sabis yana zuwa yana tafiya, na sanar da Yaya ranar dawowarmu, na kuma tanadi buhu guda domin ledoji da gwangwanaye, waɗanda muka dawo da su Kano don kada dabbobin makiyaya su ci.