Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ziyarar Majami'un Ƙauye

A makon jiya na tsaya ne a inda Zumuntar Mata ta ikklisiyarmu da ke Sabon Garin Kano ta sa sunana cikin masu fita ziyara. Lokacin kaka ne, an gama yankan dawa, hunturu ya fara kaɗawa. Muka tara gwanjo, sabulu, gishiri da man shafawa har buhuna suka cika ɗakin ajiya, muna ta murna wai mun haɗa goma ta arziki.

Da asuba muka ɗauki shatar bas, muka bi titin Zariya. Mun wuce Kura da Ciromawa, a Kwanar Ɗangora muka karya hagu, muka kama hanyar Tudun Wada wadda ke ratsa dajin Falgore ta nufi Jos. Daga kwalta sai burji, daga burji sai bayan 'yan acaɓa.

A birni in na ce ni Kirista ce, tambayar da ke biyo baya ita ce, "Wace yare ce ke?" A can babu mai yi mini ita. Hausawa ne gaba da baya, jikokin Maguzawa, Hausarsu ma ta fi tamu ta 'yan Sabon Gari nauyi. Masu bisharar EMS, reshen aika ma'aikata na ikklisiyar ECWA, su suka kafa yawancin majami'un da muka zaga. Da Hausa ake komai, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen.

Majami'ar farko ginin ƙasa ce mai rufin kwano, kujerun ma na laka. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin darbejiya. Ana buga shi sai ga mutane suna ɓullowa ta cikin gonaki, mata da tulunan kiɗa a ka.

Ina cikin sauke kaya wata tsohuwa ta riƙo hannuna. Ko kallon buhunan ba ta yi ba.

"'Yata, Rabaran ɗin yana cikinku?"

"Yana nan, Inna, ga shi can yana gaisawa da Malam."

"Madalla. To yau kam a yi mini."

Baftisma take nufi. Malam, mai bisharar da ke zaune da su, shi ke wa'azi, shi ke koya wa yara karatu, shi ke zaga marasa lafiya, amma a tsarin ikklisiya ba shi da izinin yin baftisma ko ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Sai fasto mai lasisi ya zo, shi kuwa majami'u barkatai ne a wuyansa, da damina kuma hanya ba ta biyuwa. Inna ta daɗe da gama ajin baftisma, jira kawai take. Mu da muke cin Jibi a kai a kai, har wasu na ficewa kafin a tashi don kada cunkoson Titin Faransa ya rutsa da su, sai jikinmu ya yi sanyi.

Rafin kusa ya ƙafe, don haka muka taka da waƙa zuwa wani gurbi da ruwa ya kwanta. Sanyi kamar me, amma tsohuwar nan ita ta fara shiga, ta fito tana guɗa.

Baikon ranar Lahadi ma abin kallo ne: kwanon dawa, ƙwai, gyaɗa, har da zakara ɗaure a gaban bagade. Da wannan da 'yar gonarsa Malam yake riƙe iyalinsa. Ni dai a ganina, rabin kuɗin shatar motar nan da ya isa a gyara masa babur, na kuma faɗa a taron zumunta da muka dawo, ko da yake ba kowa ya ji daɗin maganar ba.

Muna shirin tafiya matar Malam ta ja ni bayan rumbu. "Yaya, 'yata ta gama firamare, nan babu sakandare kusa. Ko za ki tafi da ita Kano?" Ban ko shawarci maigidana ba tukuna, ga yarinya tsaye da ƙunshin kayanta a leda. Yadda muka kwashe da shi a daren da na iso gida da baƙuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.