Bijimin Baba da ayoyin da na karanta rabi-rabi

Ƙannena matasa, musamman ku da wutar bangaskiya ke ci a zuciyarku yanzu, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku in gaya muku yadda na ja wa Babanmu asarar bijimin nomansa, da ayar Littafi Mai Tsarki a bakina. Na daɗe ban iya faɗin wannan labarin a gaban mutane ba, amma na ga wasunku sun kama hanyar da na bi, shi ya sa.

Lokacin ina da shekara 26, na samu aikin koyarwa a firamare, na yi aure, ina kuma taɓa noma kamar kowa a garinmu. Ina cikin matasan coci masu zafi sosai, addu'ar dare ba ta wuce ni, azumi kuwa ba a magana. Akwai ayoyi uku da na riƙe kamar sanda. Karin Magana 3:5 da ta ce ka dogara ga Ubangiji da dukan zuciyarka kada ka jingina ga fahimtarka, sai Matiyu 6:34 kada ku damu da gobe, sai 1 Korintiyawa 3:19 inda Bulus ya ce hikimar duniyan nan wauta ce a wurin Allah. Da waɗannan ukun nake rufe bakin duk wanda ya ba ni shawara. In ka ce mini yi tanadi in ce hikimar duniya ce. Malaman makarantarmu suna adashi na ƙi shiga, har ina musu kallon masu ƙarancin bangaskiya.

Da kaka ta yi na samu masara mai kyau, Baba ya kira ni ya ce ɗana, ka zuba rabi a rumbu kar ka taɓa sai damina ta yi nisa, matarka na da ciki. Ni kuwa na buɗe baki na karanta mishi tsuntsayen sama da ba sa shuka ba sa girbi ba sa tarawa a rumbu, har na ƙara mishi da misalin wawan mai arzikin nan na Luka 12 da ya rushe rumbunansa ya gina manya. Tsohon da ya fi ni daɗewa cikin bi da shekaru masu yawa, ni nake yi wa wa'azi. Ya yi shiru kawai. Na sayar da masarar nan a lokacin da ta fi araha, kuɗin ya tafi a tafiye-tafiyen taro da kyauta da abin da ban ma iya tunawa ba. Kyautar ba ita ce laifin ba, ku fahimce ni, laifin shi ne ko sau ɗaya ban zauna na yi lissafi ba, don a ganina lissafi kansa rashin bangaskiya ne. Ko awo da matata take son zuwa sai da na riƙa ja mata baya.

A watan Yuli, ana tsakiyar huɗa, naƙuda ta zo da gardama cikin dare. Muka kai ta asibiti aka ce sai tiyata, kuma ba ni da ko kwabo, albashi bai shigo ba, rumbu wayam. Kafin rana ta yi tsaka Baba ya ja ɗaya daga cikin bijimansa biyu ya kai wa mai saye, a farashin wanda ya matsu. Duk wanda ya san garma ya san bijimi ɗaya ba ya ja. Waccan daminar da fartanya tsohon nan ya ƙarasa gonarsa. Allah ya tashi kafaɗun matata da 'yata, na gode masa har gobe. Baba bai zage ni ba, magana ɗaya ya yi mini a bakin asibitin, ya ce ɗana, tsuntsun nan da kake faɗi ai shi ma tun asuba yake fita kiwo.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, kuma shi na fi jiye muku tsoro. Maimakon in ce ni na karanta ba daidai ba sai na fara zargin Littafin. Na koma neman wuraren da yake saɓa wa kansa, ina rubutawa a bayan littafin darasi. Yesu ya ce kar a damu da gobe, Karin Magana 6 ta ce malalaci je ka koyi hankali wurin tururuwa mai tara abincinta da kaka. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Karin Magana 26, aya 4 ta ce kar ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya 5 da ke manne da ita ta ce ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa. Na ce to ga shi nan ƙiri-ƙiri. Kusan shekara biyu ina zuwa sujada da jiki kawai, a ciki na yanke cewa duniya sai da wayo, addini na ranar Lahadi ne.

Wani tsohon mai bishara da ya yi ritaya ne ya kwance mini ƙullin, mutumin da har ya rasu tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 yake karantawa, wanda su Dokta Miller suka yi aikinsa. Na kai mishi takardata ina jiran ya yi fushi. Sai ya ce yaro, Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, ko ba haka ba? Na ce haka ne Baba. Ya ce shi ne kuma ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, to wanne ne ƙarya a ciki? Na rasa ta cewa. Ya ce wanda ya jera aya 4 da aya 5 kusa da juna kana tsammanin bai ga abin da ka gani ba ne? Da gangan ya jera su, don ka san akwai wawan da in ka biye masa ka zama irinsa, akwai kuma wanda in ka ƙyale shi zai ɗauka shi mai hikima ne, aikinka shi ne ka gane wanne ke gabanka, kuma ganewar ita ake roƙa a wurin Allah kamar yadda Yakubu 1:5 ta ce.

Daga nan ya sa ni karanta surori gaba ɗaya, ya hana ni tsinto aya ɗaya in gudu da ita. Sai ga abubuwa suna fitowa. Abin da Yesu ya hana a Matiyu 6 alhini ne, damuwar nan mai hana barci, kalmar da ya yi wa Marta magana da ita a Luka 10 ke nan lokacin da hidima ta ɗauke mata hankali. Shi ɗin ne kuma a Luka 14:28 ya ce wa zai gina hasumiya bai fara zama ya yi lissafin kuɗin ba. Wawan mai arzikin da na jefi Baba da shi, ba rumbu ne ya kashe shi ba, ku karanta ku ga, daga farko har ƙarshe ni da ni yake ta faɗi, babu Allah babu maƙwabci a lissafinsa. Yusufu ma ai rumbuna ya cika a Masar, kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara 7, kuma Allah ne ya ba shi wannan dabarar.

Na Korintiyawa ya fi ba ni kunya. Ikilisiyar ta rabu ne, wannan ya ce shi na Bulus ne wancan na Afolos wani na Kefas, suna gasar wa ya fi iya magana irin ta Helenawa. Hikimar da Bulus ya kira wauta ita ce wadda ta dubi gicciye, kisan wulaƙanci da Romawa ke yi wa bayi da 'yan tawaye, ta ce ba yadda za a yi ceto ya fito ta nan. Maganar yadda mutum zai san Allah ake yi, ba maganar ajiye masara ba. A cikin wasiƙar nan dai, sura 16 aya 2, ya ce kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako yana ajiyewa domin gudummawar tsarkaka, a 14:20 kuma ya ce kar ku zama yara a wajen tunani. Mutumin da ya zauna wata 18 a Korinti, yana ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila don ya ci abinci, shi na mayar hujjar ƙin tanadi.

Akwai ɗaya da nake so ku je ku duba da kanku. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya saboda ya riga ya ce hannun Allah na tare da su, sai suka yi azumi suka kama hanyar Urushalima, Ezra 8 ke nan. Nehemiya kuwa zuwa Urushaliman nan dai, ya karɓi wasiƙu daga sarki ya tafi da hafsoshi da mahayan dawakai, da maƙiya suka taso kuma ya ce mun yi addu'a mun kuma sa masu tsaro dare da rana. Littafin bai tsawata wa ko ɗayansu ba. Saboda haka in ɗan'uwanka ya sha magani kai ka yi azumi, kar ka yi saurin auna bangaskiyarsa, Luka ma likita ne.

Amma kar ku ɗauka ina cewa kullum hankalin mutum da maganar Allah bakinsu ɗaya ne. Akwai inda suke karo na gaske, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a nan ɗin ne na bi duniya ba gardama. A shekarun nan biyu wani abokina ya ci amanata a kan kuɗi, na riƙe shi a zuci, na ɓata shi a wurin mutane, ina ta faɗin ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kowa kuma yana ce mini daidai ne. Nan babu wani mahalli da zan karanta ya sassauta mini, Romawa 12:19 ta ce kada ku yi ramuwa, Matiyu 5:44 ta ce ku ƙaunaci maƙiyanku, iyakarta ke nan. Wato inda Allah ya ba ni hankali in yi aiki da shi na jefar da sunan ruhaniya, inda kuma ya ce in ajiye wayona in yi biyayya na ƙanƙame wayon. Na lura ayar da nake ɗagawa da ƙarfi kullum ita ce wadda ba ta neman komai a wurina.

To in kun ci karo da ayoyi biyu da kamar suna faɗa, kar ku jefar da ɗaya, kar kuma ku jefar da Littafin. Ku karanta surar duka, ku tambaya wa ke magana, da wa yake yi, me ya faru kafin nan. Ku kai wa dattijon da ya daɗe yana karantawa yana kuma rayuwa da shi, ba sai wanda ya fi yawan mabiya a Facebook ba. In iyayenku sun ba ku shawara, kafin ku kira ta hikimar duniya ku duba ko tana sa ku zunubi ne ko kuwa tana hana ku son ranku ne kawai.

Abokin nan na je har gidansa, ban ji daɗin tafiyar ba ko kaɗan kuma kuɗin bai dawo ba, amma muna gaisawa yanzu. Bijimin kuwa sai da na shiga adashin da na raina, na yi shekara 4 ina tarawa kafin na saya wa Baba wani. Ranar da na kawo shi ya zagaya shi sau biyu, ya duba haƙoransa, ya ce in kai shi inuwa in ba shi ruwa.