Abin da hunturu ke koya wa mai son besbol

Besbol wasa ne na kullum, kuma wannan ne ya sa hutunsa yake da nauyi a kan masu sonsa. Kowane kulob daga cikin 30 da ke MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, yana buga wasanni 162 tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, don haka mai goyon baya yakan kwana da sakamakon jiya, ya kuma tashi da tunanin wanda zai jefa ƙwallo yau. Bayan haka sai wasannin fitar da gwani na Oktoba, sai karawar ƙarshe ta World Series, wadda takan kammala a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Daga nan filayen sukan kasance a rufe har tsakiyar Fabrairu, lokacin da masu jefa ƙwallo da masu cafe ta suke fara hallara a sansanonin atisaye na Filorida da Arizona. Fiye da wata uku ke nan, kuma kowa da yadda yake cike su: wani da littattafai, wani da finafinan tarihi, mafi yawa kuma da bin labaran cinikin 'yan wasa. Na daɗe ina yin duka ukun, kuma ra'ayina shi ne wanda ya tsaya ga labaran kawai, bai haɗa da karatu ba, yana ganin adadin kuɗi ne ba tare da ya san abin da ya haife shi ba.

Labaran su ne suke fara zuwa. Kwana biyar bayan World Series, 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare suna da damar sa hannu da duk kulob ɗin da suka ga dama, sannan a watan Disamba shugabannin kulob-kulob da wakilan 'yan wasa da 'yan jarida sukan taru a otal guda don babban taron shekara, inda ake ƙulla cinikayya da dama. A waɗannan makonni jita-jita takan fi gaskiya yawa nesa ba kusa ba. A Disambar 2023, dubban mutane sun yini a intanet suna bin sawun wani ƙaramin jirgin sama da ya tashi daga Kalifoniya zuwa Toronto, bisa zaton gwanin ɗan wasan Japan, Shohei Ohtani, yana ciki zai je ya sa hannu da Blue Jays, kulob ɗin Toronto. Jirgin ya sauka babu shi a ciki, kuma washegari Ohtani da kansa ya sanar da cewa ya zaɓi Los Angeles Dodgers, a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Ban ga laifin waɗanda suka bi jirgin ba, domin zuciyar da ta saba da jiran sakamako kowane dare dole ta nemi abin da za ta jira. Amma abin da ya fi jirgin muhimmanci yana cikin takardar kwantiragin: dala miliyan biyu kawai zai riƙa karɓa a shekara, sauran miliyan 680 an jinkirta biyansu sai bayan shekaru goman sun cika, domin kulob ɗin ya samu sararin sayo wasu gwanaye. Shekara guda bayan haka Juan Soto ya karɓi dala miliyan 765 na shekara 15 daga New York Mets.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce yadda aka yi ɗan wasa ya samu ikon zaɓar inda zai yi wasa, har ya zauna ana zawarcinsa. Amsar tana cikin littattafan tarihin wasan, kuma kusan dukkanta a lokacin hunturu ta faru. Kusan shekara ɗari, akwai wani sharaɗi a kwantiragin kowane ɗan wasa da ya ɗaure shi ga kulob ɗinsa muddin kulob ɗin yana son riƙe shi. Ana iya sayar da shi, ana iya musanya shi da wani, ana iya rage masa albashi, zaɓinsa kuwa bai wuce ya amince ko ya bar wasan ba. Haka Boston Red Sox suka sayar da gwarzonsu Babe Ruth ga New York Yankees a Disambar 1919 a kan dala 100,000, cinikin da magoya bayan Boston suka yi ta cizon yatsa a kansa har 2004, lokacin da suka sake ɗaukar kofi bayan shekara 86. A Oktoban 1969, St. Louis Cardinals suka musanya Curt Flood zuwa Philadelphia. Flood baƙar fata ne, gwani a tsaron tsakiyar fili, mai albashin dala 90,000, wanda a wancan zamani babban kuɗi ne. Ya ƙi tafiya. A ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa shugaban gasar, Bowie Kuhn, cewa bayan shekara goma sha biyu yana wasa, bai ɗauki kansa a matsayin kadarar da za a saya a sayar ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ya kai ƙara, shari'ar ta je har Kotun Ƙoli ta Amurka, kuma a 1972 ya sha kaye. Kafin nan ma wasansa ya riga ya ƙare, domin bai buga ko wasa ɗaya ba a 1970, kuma wasanni 13 kacal ya buga wa Washington a 1971.

Abin da kotu ta hana, ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa ta samo shi ta wata hanya. Marvin Miller, wanda ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ya karɓi jagorancin 'yan wasan a 1966, ya riga ya sa masu kulob-kulob sun amince cewa mai sasanci mai zaman kansa ne zai riƙa yanke hukunci idan an samu saɓani. A lokacin da ya zo, mafi ƙarancin albashi dala 6,000 ne a shekara, shi ya sa 'yan wasa da yawa suke neman aikin hunturu, wasu suna sayar da tufafi a kanti, wasu suna tallar inshora. A 1975 Andy Messersmith da Dave McNally suka yi kaka guda ba tare da sun sa hannu a sabon kwantiragi ba, sannan suka ce sharaɗin shekara ɗaya kawai yake ɗaure mutum. A ranar 23 ga Disambar wannan shekara mai sasancin, Peter Seitz, ya ba su gaskiya. Yarjejeniyar 1976 ta tsayar da ƙa'idar da ake bi har yau, wato ɗan wasan da ya cika shekara shida a babbar gasa yana da 'yancin zaɓar kulob. Wanda ya karanta wannan tarihi, idan ya ga lambobin Ohtani da Soto, ba zai tsaya ga mamakin yawansu ba, zai tuna da mutumin da ya rasa sana'arsa yana ɗan shekara talatin da 'yan kai domin a kai ga wannan rana. Zai kuma fahimci dalilin da ya sa masu kulob-kulob suka rufe wa 'yan wasa ƙofa na kwana 99 daga Disambar 2021 zuwa Maris na 2022: rigimar ba ta mutu ba, sauya salo take yi.

Akwai dalilin da ya sa besbol ya dace da littafi fiye da wasanni da yawa. Tun ƙarni na 19 ake rubuta abin da ya faru a wasa daki-daki, wanda ya buga, wanda aka fitar, wanda ya yi kuskure, ta yadda mai karatu zai iya sake gina wasan da aka buga kafin a haifi kakansa. Amma littattafan da na fi daraja su ba na ƙididdiga ba ne, na muryoyi ne. A farkon shekarun 1960 wani malamin tattalin arziki mai suna Lawrence Ritter ya ɗauki rikoda ya zaga Amurka yana neman tsofaffin da suka yi wasa a farkon ƙarni na 20, ya bar su suka yi magana da bakinsu, littafin kuma ya fito a 1966. Irin wannan karatu yana buƙatar natsuwar da ba ta samuwa a watan Yuli, lokacin da wasan daren yau ya cika kai. A hunturu ne mutum yake da sararin jin yadda aka yi tafiyar jirgin ƙasa ta kwana da yini tsakanin birane, da yadda ɗan manomi ko ɗan mahaƙin kwal ya ga wasan a matsayin hanyar tsira daga wahala.

A ɓangaren finafinan tarihi, wanda kowa yake komawa gare shi shi ne dogon shirin da Ken Burns ya yi wa tashar PBS, mai kashi tara da ya haura awa 18. An fara nuna shi a Satumbar 1994, 'yan kwanaki bayan an soke World Series saboda yajin aikin 'yan wasa, karo na farko tun 1904 da ba a buga ta ba, don haka masu kallonsa na farko ma mutane ne da aka raba da wasansu. Ina da ƙorafi a kansa, domin ya daɗe ƙwarai a New York da Boston, ya kuma yi gaggawa a kan 'yan wasan Latin Amurka. Duk da haka ya yi abu guda da ya isa a gode masa, wato gabatar da Buck O'Neil ga miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. O'Neil ya yi wasa kuma ya jagoranci Kansas City Monarchs a gasar baƙaƙen fata, a zamanin da aka hana su shiga babbar gasa, kuma a 1962 ya zama baƙar fata na farko da ya samu aikin koci a MLB, tare da Chicago Cubs. Yadda yake ba da labarin gwanayen wannan gasa, Satchel Paige da Josh Gibson, cikin fara'a amma ba tare da ɓoye zaluncin ba, ya sa mutane da yawa suka fara neman tarihin da Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya wannan shinge, ya fito daga cikinsa kafin ya shiga fili da rigar Brooklyn a ranar 15 ga Afrilun 1947. A Disambar 2020 MLB ta amince cewa gasannin baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 manyan gasa ne, kuma da aka haɗe ƙididdigarsu a 2024, Gibson ya hau saman Ty Cobb a matsakaicin bugu na tsawon rayuwa. Wanda ya yi hunturunsa da waɗannan finafinai da littattafai bai ji wannan labari a matsayin baƙon abu ba, ya ji shi a matsayin bashin da aka makara wajen biya.

Ya kamata a tuna kuma cewa wasan bai tsaya a ko'ina ba. A Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Meksiko da Puerto Rico, watannin nan su ne kakar wasa, kuma karawar kulob-kulob ɗin Licey da Águilas a Dominika tana da zafin da ba kasafai ake ganin irinsa a Amurka ba. Zakarun ƙasashen sukan haɗu a gasar Karibiyan a farkon Fabrairu, kuma gasar Puerto Rico tana ɗauke da sunan Roberto Clemente, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 31 ga Disambar 1972, yana kan hanyar kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaragwa.

Janairu kuma watan gardama ne, domin a cikinsa ake bayyana waɗanda marubutan wasan suka zaɓa su shiga zauren gwarzaye da ke Cooperstown a jihar New York. Sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u, kuma Mariano Rivera ne kaɗai ya taɓa samun dukkansu, a 2019, yayin da Ichiro Suzuki ya rasa ƙuri'a ɗaya tak a 2025. Barry Bonds da Roger Clemens sun yi shekara goma a takardar zaɓen ba su kai ba, saboda zargin amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma kowace shekara magoya baya sukan sake buɗe wannan muhawara. Ni gardamar da ta fi damuna daban ce. Ba a shigar da Marvin Miller ba sai a zaɓen Disambar 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa, kuma Buck O'Neil, wanda aka tsallake shi a 2006 'yan watanni kafin ya rasu, sai a 2022 aka karrama shi. Curt Flood ya rasu a 1997. Majalisar dokokin Amurka ta sa sunansa a kan wata doka a 1998, wadda ta ba 'yan wasan babbar gasa kariyar da Kotun Ƙoli ta hana shi, amma har zuwa 2025 ba a rataya allon sunansa a Cooperstown ba, kuma ina ganin kwamitin da ke duba tsofaffin 'yan wasa ya kamata ya gyara wannan a zamansa na gaba da ya shafi zamanin Flood.