Ɗaura na'urar gano kifi mai GPS a jirgin masunta

A shagonmu da ke Gombe, aikin wayarin sola da batir muka fi yi, amma masuntan Dadin Kowa da na madatsar Balanga sukan kawo mana na'urar gano kifi mu ɗaura musu a jirgi. Akasarin waɗanda ake dawo da su ana cewa sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Matsalar ko ta waya ce, ko ta wurin da aka kafa tiransdusa, wato kan nan da ke cikin ruwa yana aika sauti ƙasa yana karɓar amsarsa.

Mu fara da wuta. Ƙananan na'urori irin Garmin Striker 4 volt 12 suke ci, kuma abin da suke ja bai kai amfiya ɗaya ba, don haka batir mai 7Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) da ya cika caji yana kai ta wunin kamun kifi. Jar waya ta tafi kan fosatif, baƙa kan negatif, a sa fis mai amfiya 3 a jikin jar, kusa da batir, kada ya wuce tazarar taƙi ɗaya. Wanda ya cire fis don "ai tana aiki haka" ya bar wayarsa ba mai tsaro, ran da ta goge ta haɗu za ta kama wuta kusa da jarkar fetur. Abin da muke hanawa da babbar murya shi ne jan wuta kai tsaye daga kwayil ɗin injin da ake tayarwa da igiya. Wutar nan hawa da sauka take yi da gudun inji, nan da nan take ƙona allo. Ko injin mai batir ne, gara na'urar ta samu nata daban, domin lokacin tayar da inji wuta kan faɗi, allon ya mutu ya sake tashi.

Kowace mahaɗar waya mu kan yi mata dalma, mu rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, mu shafa giris a kan batir. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya kai damina ɗaya, sai ka buɗe ka tarar tagullar ta yi kore tana marmashewa.

Wurin kafa tiransdusa shi ne inda gwaninta take. A jirgin faiba mai faffaɗan baya, muna kafa shi a bayan jirgi, a hannun dama na inji in kana fuskantar gaba, nesa da farfela kamar santimita 40, fuskarsa a kwance daidai da ruwa, ta ɗan leƙo ƙasan jirgi da milimita uku zuwa biyar. In ya yi sama, kumfa ce za ta riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa, da an ƙara gudu lambar zurfi ta ɓace. In ya yi ƙasa da yawa, yana watsa ruwa kuma kututture na iya fizge shi. Ramin sukuru kuwa a cika shi da gam ɗin da ruwa ba ya ci kafin a ɗaure.

Kwale-kwalen katako lamarinsa daban. Sauti ba ya ratsa katako yadda ya kamata, saboda haka ajiye kan a cikin jirgi ɓata lokaci ne. Mu kan ɗaure shi a ƙarshen bututun roba, mu maƙala bututun a gefen jirgi da matsi, yadda za a ɗaga shi in za a ja taru ko a fita gaɓa.

Wayar tiransdusa ba a yanke ta, ko ta yi tsawo. A naɗe ragowar sako-sako, a bi da ita gefen da babu wayar fulogi, in ba haka ba allo zai cika da zane-zane duk lokacin da inji ke aiki.

Allon yana son sarari don GPS, wato abin da ke nuna inda jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, ya ga sama, kada a cusa shi ƙarƙashin rumfar kwano. Kafin mu miƙa aiki, sai an shiga ruwa an gwada a tsaye da kuma a guje, sannan mu nuna wa mai jirgi yadda zai sa alamar inda ya zuba koma ko inda itatuwan da ruwa ya shanye suke. Da damina, in Kogin Gongola ya kawo laka da karare, a rage ƙarfin jin na'urar, don ba kowane ɗigo a allo ne tarwaɗa ba.