Tantin shuka da na'urar sanyi mai taya a zafin bazarar Kano

Tantin shuka na cikin ɗaki wani akwati ne na yadi mai kauri, wanda aka lulluɓe cikinsa da abu mai ƙyalli domin ya riƙa mayar da haske kan ganye. Ana kafa shi a kan sandunan ƙarfe, a rataye fitila a samansa, a rufe shi da zif. Wanda aka fi samu a kasuwa faɗinsa santimita 120 ne, tsawonsa 120, tsayinsa 200, wato iskar da ke cikinsa ba ta cika kubik mita 3 ba. Ya fi yaɗuwa a Turai da Amurka ta Arewa, inda damuwar mai shuka ita ce ƙarancin rana da tsawon lokacin sanyi, saboda haka yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet an rubuta su ne domin mutumin da iskar wajensa ta fi ta ɗakinsa sanyi. Mu a Kano lamarin a juye yake daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma wanda ya bi waccan shawara yadda aka rubuta ta zai kashe kuɗin wuta mai yawa ba tare da tantinsa ya yi sanyi ba.

Ina noman latas a tantina, ina kuma rainon irin tumatir da attarugu kafin dashe. Dalilin shiga wannan ɗawainiya ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san noman rani na Kadawa da Kura. Tumatir yana son zafin da ke tsakanin digiri 21 da 27, kuma idan rana ta wuce digiri 32, dare kuma ya ƙi yin sanyi, ƙurar furensa takan lalace, huda ta kakkaɓe ba ta ƙulla ɗa ba. Latas ya fi shi rauni, domin da zarar zafi ya yi yawa sai ya miƙe ya yi tsayi, ganyensa ya yi ɗaci, irinsa ma yakan ƙi tsira idan ƙasar ta kai wajen digiri 30. Shi ya sa manomanmu suke cin moriyar hunturu, shi ya sa kuma kayan miya suke tsada da zarar bazara ta kankama.

Abu na farko da nake so mai tanti ya yi kafin ya je kasuwa shi ne ya zauna da biro da takarda ya ƙirga zafin da yake son cirewa. Kusan duk wutar da ta shiga tanti zafi take komawa daga ƙarshe, har da wadda ta fara fitowa a matsayin haske, kuma wat ɗaya yana daidai da BTU 3.41 a awa, wanda shi ne ma'aunin da ake rubutawa a jikin na'urorin sanyi. Fitilar LED mai wat 300 tana fitar da BTU 1,000 da 'yan kai, fankoki kuma su ƙara kusan 200. Na'urar da 'yan kasuwarmu suke kira mai ƙarfin doki ɗaya tana da wajen BTU 9,000, mai doki ɗaya da rabi kuma 12,000. Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma gefe da gefe, za a ga cewa fitilar da kowa yake zargi ƙaramin kaso ce ta matsalar. Babban zafin yana saukowa ne daga rufin kwano ta silin, yana ratsowa ta bangon da rana take duka da la'asar, yana kuma shigowa tare da iskar waje.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a sa fankar zuƙo iska a saman tantin, ta riƙa sabunta iskar cikinsa duk minti ɗaya zuwa uku, a kuma kai bututunta waje ta taga. Fanka mai bakin inci 4 tana iya fitar da kimanin kubik mita 340 a awa. Ɗaki mai faɗin mita 3, tsawon mita 4, tsayin mita 3, kubik mita 36 ne kawai, wanda ke nufin wannan 'yar fankar tana kwashe iskar ɗakin gaba ɗaya kusan sau tara a kowace awa. Duk iskar da ta fita kuwa dole wata ta maye gurbinta, ta ƙarƙashin ƙofa, ta gefen taga, ta ramin wayar wuta. Idan waje yana digiri 40, kai kuma kana neman 25, sanyaya wannan iska mai shigowa yana buƙatar sama da BTU 5,000 a awa, fiye da ninki huɗu na zafin fitila da fankoki a haɗe. Kana biyan kuɗi na'ura ta sanyaya iska, fanka kuma tana miƙa ta ga tsakar gida.

Na'urar sanyi mai taya tana da irin wannan lahani a cikin ƙirarta, idan mai tiyo ɗaya ce, wato bututun da ake kaiwa taga domin fitar da zafi. Ba ta kashe zafi, ɗauke shi take yi daga wani wuri ta zubar a wani, kuma iskar da take amfani da ita wajen ɗaukarsa zuwa waje daga cikin ɗakin take jawo ta, wato iskar da ta riga ta sanyaya. Ana iya ganin wannan da ido. A rufe ƙofa da taga, a kunna na'urar, a riƙe siririyar takarda a ƙasan ƙofa, za a ga ta karkata ciki tana rawa, hannu kuma zai ji ɗumin iskar da ke kutsowa. Saboda wannan asara ne Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fito da sabon tsarin gwaji a 2016, wanda sakamakonsa ake rubutawa da haruffan SACC, kuma a ƙarƙashinsa na'urar da aka rubuta mata BTU 14,000 takan sauko zuwa 10,000 ko ƙasa da haka. Idan kwali yana ɗauke da lambobi biyu, ƙaramar ita ce ta fi kusa da gaskiya. Mai tiyo biyu tana jawo iskar waje ta ɗaya, ta ɗora mata zafin, ta mayar da ita ta ɗayan, ba ta taɓa iskar ɗakin ba, kuma a yanayi irin namu ina ganin ƙarin kuɗinta ya halatta. Wanda yake zaune a gidan kansa, yana iya huda bango ba tare da neman izinin kowa ba, gara ya sa ta bango mai injin waje, domin ta fi ƙarfi, ta fi rangwamen wuta, ta kuma fi shiru. Mai taya ta ɗan haya ce.

Ban yarda a saka na'urar a cikin tantin kansa ba, duk da cewa da yawa haka suke yi. Tana cinye wurin tukunya biyu ko uku, tana hura iska mai tsananin sanyi a kan ganyen da ke gabanta alhali na bayanta suna cikin zafi, kuma da yake sararin ƙanƙane ne, nan da nan take kai wa sanyin da aka saita ta tsaya, bayan ɗan lokaci ta sake tashi. Wannan yawan tashi da tsayawa yana gajiyar da kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin na'urar, kuma ba ya ba ta damar cire danshi. Idan mai tiyo ɗaya ce, tana haɗuwa da fankar sama su tsotse tantin har bangonsa ya lotsa ciki ya taɓa ganye, zif ya yi tauri.

Tsarin da ya yi mini aiki shi ne na ɗauki ɗakin a matsayin rumbun iska mai sanyi, tantin kuma ya riƙa shaƙa daga gare shi. Na'urar tana tsaye a waje da tantin, kusa da taga, fuskarta tana kallon ƙofofin iska da ke ƙasan tantin. Fankar sama tana fitar da iskar tantin ta sake ta a cikin ɗakin, can sama kusa da silin, nesa da inda sabuwa take shiga, ba ta kai ta waje ba. Tsirrai suna buƙatar iskar kabon, wadda a sararin duniya yanzu ta haura kashi 420 cikin miliyan, kuma suna iya rage ta a wurin da aka toshe ruf, amma ɗakin gida ba ya toshewa haka, kuma buɗe ƙofa da taga da asuba, lokacin da gari ya fi sanyi, yana sabunta ta. Ƙofofin ƙasa na tantin ina barin ragarsu a kai, saboda ƙwari da ƙura. A ciki akwai ƙaramar fanka da ke kaɗa ganye a hankali, ma'aunin zafi kuma yana rataye daidai saman ganyen, domin nan ne ya kamata a auna, ba ƙasa kusa da tukwane ba.

Tiyon na'urar yana buƙatar kulawa fiye da yadda ake ba shi. Idan aka ɗora tafin hannu a kansa bayan ta yi awa guda tana aiki, za a ji shi da zafi sosai, kuma wannan zafin cikin ɗakin yake komawa. A bar shi gajere, miƙaƙƙe, kada a ƙara masa tsawo da wani bututu, a naɗe shi da soso ko tsohon bargo. Kafinta zai iya yanka katako daidai faɗin taga ya huda masa rami, a toshe gefunan da soso, wanda ya fi robar da ke zuwa a kwali aminci. Idan fitilar tana da akwatin wuta da ake iya cirewa, a fitar da shi daga tantin. Labule mai kauri a tagar yamma ma yana rage wa na'urar aiki.

Sai batun danshi, wanda yake sauyawa da shekara. Kusan duk ruwan da aka ba shuka ta ganye yake fita ya shiga iska, saboda haka wanda ya zuba lita 4 a tukwane ya sani cewa mafi yawansa zai ƙare a iskar ɗakinsa. Na'urar sanyi tana kama wannan ruwa, kuma asalin aikinta ke nan, domin Willis Carrier ya ƙera ta farko a 1902 ne saboda wata maɗaba'a a Brooklyn da danshi yake ɓata wa takarda. A watan Agusta bokitin da na ajiye a ƙarƙashin bututun ruwanta yakan taru da ruwa sosai kafin wayewar gari, kuma idan ba a haɗa mata wannan bututu ba, tankinta yana cika ta kashe kanta cikin dare. Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan fitila ta mutu, domin iska tana yin sanyi, danshi ya hau, raɓa ta kwanta a ganye, daga nan kuma cutar fumfuna take samun ƙofa. Kada a kashe fanka tare da fitila.

A Maris da Afrilu kuwa iskar a bushe take ƙarau, na'urar kuma tana ƙara busar da ita, har gefen ganyen ƙananan tsirrai ya naɗe. A wannan lokaci na'urar nan mai tankin ruwa, wadda take hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, tana da amfani na gaske, domin aikinta irin na randa ne, ruwa yana ƙafewa yana tafiya da zafi, wutar da take ci kuma kaɗan ce. Sharaɗinta shi ne a bar taga a buɗe, a kuma mayar da bututun fanka waje, kuma ba a haɗa ta da na'urar sanyi a ɗaki ɗaya, domin ɗaya tana zuba ruwa a iska ɗaya tana kwashewa. Da zarar damina ta sauka amfaninta ya ƙare. A Disamba da Janairu ba a buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, fanka kaɗai ta wadatar.

Akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo, wato a juya wa tsirran rana da dare. Tunda tantin a rufe yake, ba su san abin da ke faruwa a waje ba, sai a saita agogon fitila ta kama da magariba ta mutu da hantsi, ta yadda zafinta ba zai haɗu da na azahar ba.

Maganar kuɗi ba a kauce mata. Na'ura mai BTU 9,000 tana cin kusan kilowat ɗaya, ninki uku na fitilar. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kuma a wannan farashi awa 10 na aiki a rana ya kama naira 2,250, wato naira 67,500 a wata. Babu kwandon tumatir da tanti ɗaya zai bayar ya biya wannan. Abin da yake iya biya shi ne rainon iri mai tsada wanda za a dasa a fili da yawa, ko ganye mai daraja da ake yanka akai-akai, ko kuma sha'awar mai shi idan ya san abin da yake kashewa ya kuma yarda.

Ɗaukewar wuta ita ce ta fi kashe shuka a irin wannan tsari. Kafin a sayi na'ura a tambaya ko tana tashi da kanta idan wuta ta dawo, domin da yawa sai an danna mata maɓalli, kuma fitila ba ta jiran kowa, tana dawowa ta ci gaba da dafa tantin alhali mai gida yana kasuwa. Kwamfireso yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a daidai lokacin tashi, saboda haka ƙaramin janareta da ya ɗauki fitila ba lallai ya ɗauki na'urar ba, kuma tana buƙatar hutun minti uku kafin a sake kunna ta, da sitabilaiza inda wuta take zuwa da rauni. A ba ta soket nata ita kaɗai, a ɗaga wayoyi daga ƙasa inda ruwa yake zuba. Wanda yake da sola da batir ya fara ɗora fankoki a kansu kafin fitila, domin tsirrai suna jure yini guda ba haske, amma rufaffen tanti mai fitila a kunne, ba fanka ba na'ura, yana iya ƙona su a cikin 'yan awanni.