Abin da ɗakin tiyata bai koya mini ba

Ƙannena masu neman ƙwarewa a aikin sa barci da kashe zafi, ɗakin tiyata yana dasa mana wata ɗabi'a ba mu sani ba. Mun saba mu tura magani ta jijiya, mu ɗaga kai mu kalli na'ura, kafin minti biyu mu ga sakamako: bugun zuciya ya daidaita, majinyaci ya yi shiru. Da wannan ɗabi'ar na shiga sashen masu ciwo mai daɗewa, wato ciwon da ya haura wata 3, kuma ita ce ta kayar da ni.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Ta haura shekara 50, ciwon baya ya shekara huɗu yana cinta. Duk zuwanta tambaya ɗaya nake yi mata: daga sifili zuwa 10, ina ciwon yake? Ta ce 8. Na rubuta mata mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Ta dawo ta ce 8, na ƙara. Haka muka yi ta yi fiye da shekara, ni ina bin lamba, lambar kuma ta ƙi motsi. Daga baya ciwon ya bazu zuwa kafaɗa da cinya, ko tufa ta goge ta sai ta yamutse fuska.

Wata rana babban likitan da nake ƙarƙashinsa ya juya fayil ɗinta, ya tambaye ni a hankali, me matar nan take iya yi yau wanda ba ta iya yi bara? Na yi tsuru-tsuru. Ban taɓa tambayarta ba. Da na tambaya sai na ji ta daina fita, ta daina girki, rabin yini tana kwance, cikinta a ɗaure kwana da kwanaki. Jikinta ya saba da maganin, wannan ɗaya. Na biyu, mofin da danginsa idan aka daɗe ana sha da yawa, suna iya ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi, sai maganin ya koma yana rura wutar da aka ba shi ya kashe. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wani likita yana ba ta diyazefam don barci, haɗa shi da mofin kuwa yana danne numfashi. Ni da sana'ata ita ce gadin numfashin mutane, ban bincika ba.

Na gane inda na baro hanya. Matakan ba da maganin ciwo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986, don masu ciwon daji aka tsara su. Ni kuwa na ɗora su a kan ciwon baya kamar duk abu ɗaya ne.

Sai tsoro ya sa na yi kuskuren da ya fi na farko. Na zaftare mata rabin maganin lokaci guda. Zufa, gudawa, rawar jiki, kwana ba barci. Ta ɓace mini wata biyu, da ta dawo ko idona ba ta son kallo. Ba ni kaɗai na faɗa wannan ramin ba. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a yi hattara idan aka kai kwatankwacin miligiram 50 na mofin a rana, a guji kai wa 90 sai da hujja. Likitoci da yawa suka ɗauki lambobin nan kamar doka, suka riƙa yanke wa mutane magani ba shiri, har a 2019 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kan haka. Jagorar da hukumar yaƙi da cututtukan ta sabunta a 2022 ta nuna cewa ga wanda ya shekara yana sha, ragin kashi 10 cikin 100 a wata, ko ƙasa da haka, ya fi sauƙin jurewa. Kuma da yardarsa ake yi.

Batun allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya kuwa, gaskiya son zuciyata ne. Hannuna ya iya, ina jin daɗin ganin allura ta shiga inda nake so. Da na ga hoton MRI ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya bulluƙo, sai in ce na kama ɓarawo. Alhali wani bincike da aka buga a 1994 ya ɗauki hoton mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, aka sami irin wannan bulluƙowar a kashi 52 cikin 100. Allurar baya tana da wurinta, musamman ga ciwon da ke sauka ƙafa saboda an matse jijiya, amma sauƙinta galibi na makonni ne zuwa 'yan watanni. Amfaninta shi ne ta buɗe wa mutum ƙofa ya fara motsa jiki. Da na zama mai koyarwa ma ban daddara ba, na riƙa auna ɗalibaina da yawan allurar da suka rubuta a littafin aiki. Wanda ya zauna minti 40 yana sauraron majinyaci, kallon mai sanyin jiki nake yi masa.

Ku saurari kalmomin da mutum yake zaɓa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce ƙuna, ko kamar ana tsira masa allura, ko kamar lantarki ya ja shi, ku tuna da jijiyar da ta lalace. Nan magungunan amitiriftilin ko gabafentin sun fi dacewa a fara da su, kuma ku duba ƙodarsa kafin gabafentin. Ku tambayi barcinsa da halin zuciyarsa. Kada kuma ku taɓa cewa "babu abin da ke damunki" don hoto ya fito lafiya. Na taɓa faɗa, na ga yadda fuska take rufewa.

John Bonica, wanda ake kira uban fannin maganin ciwo, likitan sa barci ne kamarmu. Ya yi kokawa don ya biya kuɗin karatu, kuma shi kansa ya sha fama da ciwon gaɓoɓi. Jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu ta nuna masa cewa likita ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa a Jami'ar Washinton da ke Siyatil ya tara ƙwararru daga fannoni daban-daban a kan majinyaci ɗaya. Taron da ya kira a 1973 shi ya haifi ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya. Na san wannan tarihin tun ina ɗalibi, amma sai da na ɓata shekara kafin na tura matar nan wurin masu gashi da motsa gaɓoɓi da kuma masanin halayyar ɗan adam.

Mun shafe wajen shekara ɗaya da rabi muna rage mofin ɗin kaɗan-kaɗan. A zuwanta na ƙarshe da na gani, na tambaye ta lambar saboda fom ɗin yana buƙata, ta ce 6. Sannan ta ce da ƙafarta ta hawo benen, kuma makon da ya wuce ta ɗauki jikanta.