Baƙin fentin da ya ci mini mako uku

Har yau idan na ɗora jitar nan a cinya, kan ramin fikof ɗin nan, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, idona yake fara sauka. Da hannuna na faɗaɗa shi a jikin katakon da bai yi laifin komai ba, kuma ba zai koma yadda yake ba.

Jitar kwance ce, wadda ake goga sandar ƙarfe a kan tsirkiyarta maimakon a danna da yatsa. Asalinta Hawai, amma ni a shagon kawuna a unguwar Aboabo ta Kumasi na fara jin kukanta, cikin tsoffin faifan King Sunny Ade, inda Demola Adepoju ke kaɗa irinta mai feda, wadda ake takawa da ƙafa. Mai feda ta fi ƙarfina, sai na ɗaura niyyar haɗa mai tsirkiya shida.

Katako bai ba ni wahala ba. A kasuwar katako ta Sokoban, saboda araha, an so a sayar mini da icen da Asante ke kira wawa, na ƙi, don taushinsa ba ya riƙe sukuru da kyau, ga tsirkiya shida suna ja dare da rana. Odum kuma nauyi, kuma ƙurarsa tana sa ni tari. Ofram na ɗauka, busasshe, wanda ya riga ya ga hunturu a rumfa. Shi ne icen da kamfanin jita na Gibson suka kira korina suka yi jitarsu Flying V da shi a 1958, ga shi mu a Kumasi ƙofa da benci ake yi da shi. Tsawon tsirkiya inci 22.5 na sa, alama ta 12 a daidai inci 11.25, sauran na lissafa na zana.

Jakin da tsirkiya ke hawa kansa, a Suame Magazine aka yanko mini shi daga ƙarfen kwana, aka tsaga masa gurbi shida. Ni da bakina na ce a fesa masa baƙin fenti, don kada damina ta sa ya yi tsatsa. Aka fesa sama da ƙasa, ya fito yana sheƙi, na biya ina murna.

Na saka fikof mai naɗin waya ɗaya da na ciro daga wata matacciyar jita, da maɓallin ƙara na 250k. Wayar at ɗin ma, wato wayar ƙasa da ke kashe gurnanin wuta, ban manta da ita ba: na huda katako, na ratsa da ita, na shimfiɗa bakinta a ƙarƙashin jaki na ɗaure. Da na jona amfilifaya sai ga zuuu kamar an taɓo gidan zuma. Ina ɗora ƙarfe a kan tsirkiya sai ƙarar ta ƙaru. A jitar kwance kuwa hannunka ba ya barin tsirkiya, ka ga ba mafaka.

Nan take na yanke hukunci cewa fikof ne. Kowa ya san mai naɗi ɗaya yana jan gurnanin wutarmu mai 50 hertz. Na liƙa takardar alminiyam a cikin ramin, na sake dalma sau biyu, na kashe fanka da ƙwan ɗaki, duk a banza. Daga nan na je Adum na sayo mai naɗi biyu, da kuɗin da na tara don haya. Bai shiga ramin ba, sai na ɗauki kurfi na sassaƙe ofram ɗina. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Ƙarar ba ta tafi ba. Sai ma sabuwar matsala: tsirkiyoyina sun fi na jitar hannu tazara, don haka na gefe biyu suka kauce wa kawunan maganaɗisu, muryarsu ta yi ƙasa. Sautin duka ya dushe, domin irin wannan fikof maɓallin 500k yake so, ba na 250k ba.

Bayan sallar la'asar wata Asabar na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Asawase. Bai ko kalli fikof ba. Ya ce, "Taɓa tsirkiya." Na taɓa, ta yi ihu. Ya ce, "Taɓa bakin soket." Na taɓa, ta yi shiru. Ya ɗauko mita, ya sa tsinke ɗaya a soket, ɗaya a tsirkiya, allura ko motsi.

"Ɗana, wa ya yi maka fentin nan?"

"Ni na sa a yi, Baba."

Ya kwance jakin, ya kankare ƙasansa da sanfefa inda waya ke kwanciya, ya goge kowane gurbi har farin ƙarfe ya bayyana. Minti goma bai cika ba. Wayar tana wurinta tun ranar farko, fenti ne ya shiga tsakaninta da ƙarfe, ya kuma shiga tsakanin ƙarfe da tsirkiya. Da muka jona, abin da ya rage ɗan gurnani ne na can ƙasa wanda kiɗa ke rufewa.

Duk mai son haɗa irinta, ya ari mita kafin ya sayi komai, ya gwada daga tsirkiya zuwa soket tun kafin ya zargi fikof. Idan tsatsa yake tsoro, ya yi jakin da tagulla ko alminiyam marar rufi, ko ya rufe wuraren haɗuwa da tef kafin a fesa. Baba ya ƙara mini wani gargaɗi da na riƙe: da zarar tsirkiya ta haɗu da at, jikinka ya haɗu da amfilifaya ke nan, saboda haka kada a kaɗa da wadda aka cire wa ƙafa ta uku ta fulogi, balle a ɗakunanmu na Zango da da yawansu ba a ja musu at ba.

Na mayar da tsohon fikof ɗin. Ya yi wa ramin kaɗan, sai na yanka fomaika baƙa na rufe giɓin. Sabon yana cikin gwangwanin Milo a kan kabad, mai shagon ya ce ba ya karɓar abin da dalma ta taɓa.